Ɓera ne ko jemage? Kashin ne zai faɗa

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kullum da safe sai in tarar da wasu ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi a tare a gindin bangon ɗakin ajiyarmu. Akwai wasu kuma a bakin taga, masu ɗan fari a gefe guda. Maigidana ya ce ɓera ne, a sa guba kawai. Ni kuma ina tsoron guba saboda yara. Yaya zan gane mai wannan aika-aika? Daga wata uwa mai karanta wannan mujalla.

Amsa: 'Yar'uwa, barka kadai. Ki roƙi maigida ya ɗan dakata da gubar nan tukuna, domin yadda kika kwatanta, baƙi biyu gare ku, kuma mai yiwuwa babu ɓera ko ɗaya a cikinsu.

Na bakin taga ba shi da wuyar ganewa. Tsaka ce ko ƙadangare. Su da macizai da tsuntsaye ba sa fitsari na ruwa irin na dabbobi masu shayarwa. Fitsarinsu yakan fito ne a daskare, fari, manne da kashin. Ɓera ba ya barin wannan farin. Idan kashin babba ne, ga fari, ga gashi ko guntayen ƙashi a ciki, to a yi zargin maciji, a duba lungunan gida da kyau.

Na gindin bango shi ne abin tsayawa a kai. Kashin ƙaramin ɓera da na ƙananan jemagu masu cin ƙwari kusan kamarsu ɗaya: baƙi, kamar ƙwayar shinkafa, tsawonsa milimita 3 zuwa 6 ko sama kaɗan. Inda suka bambanta shi ne wurin da ake samunsu. Ɓera yana kashi yana tafiya, don haka nasa a warwatse yake, a bin bango, bayan buhu, cikin durowa. Jemage kuwa a rataye yake wuni, kashinsa yana zubowa wuri ɗaya har ya yi tuli. Tunda kin ce a tare kike ganinsa, ɗaga kai ki dubi silin ko tsagar rufin da ke daidai wurin.

Ga gwajin da na fi yarda da shi. Ki sa safar hannu da takunkumi, ki ɗauki ƙwaya ɗaya a takarda, ki danne ta da tsinke, sannan ki haska tocila. Na jemage zai marmashe nan take, ki ga wasu abubuwa suna ƙyalli a ciki, ɓawon ƙwarin da ya ci ke nan. Na ɓera in sabo ne yana da laushi, in ya kwana biyu sai ya yi tauri, kuma ba za ki ga ƙyallin nan ba. Idan tsawon ya kai milimita 12 zuwa 20, babban ɓera ne.

A lambu kuwa, baƙin kashi mai sheƙi cike da guntayen buzuzu yawanci na bushiya ne ko kwaɗo, kuma duka biyun ƙwari suke rage miki. Na zomo kewayayye ne, ciyawa zalla.

Abin da ya fi damuna shi ne tsintsiya. Don Allah kada ki share kashin ɓera ko na jemage a bushe, kada ki bar yara su share. Ƙurar da ke tashi tana iya ɗauke da cuta. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake yaɗuwa. Tulin kashin jemage da ya daɗe kuma yana iya haifar da wani nau'in fumfuna da ke kama huhu idan aka shaƙa. Ki buɗe ƙofa da taga na minti 30, ki haɗa awo 1 na bilic da awo 9 na ruwa, ki jiƙa wurin sharkaf, ki bar shi minti 5, ki kwashe da takarda ki ƙulle a leda, sannan ki wanke hannu da sabulu.

Idan jemage ne, gubar ɓera ba za ta yi komai ba, tunda ba ya cin abin da aka ajiye a ƙasa. Haɗarinta kawai za a jawo wa yara. A tsaya a waje da magariba a ga ta inda suke fita, a toshe bayan sun fice, amma ban da lokacin da suke da 'ya'yan da ba su iya tashi ba, don za su mutu a rufin. Idan ɓera ne, tarko ya fi, tare da rufe kayan abinci a mazubi mai murfi da toshe duk ramin da ya kai milimita 6, domin ƙaramin ɓera yana kurɗawa ta nan. Wanda kuma ya yi zazzaɓi cikin mako 3 bayan ya taɓa kashin, a kai shi asibiti a gaya wa likita abin da ya taɓa.