Amsa: Me ya sa ƙ, ɗ, ɓ da ƴ suke komawa alamar tambaya?

Sannu ɗan uwa. Ka ce sunayen ɗalibai irin su Ɗanladi suna fitowa da alamar tambaya a manhajar da kake yi wa wata makaranta nan Yamai. Ni ma na sha wannan wahalar, kwana biyu ina zargin kwamfutata.

Kusan kullum laifin latin1 ne, wani tsarin adana haruffa a kwamfuta. Wannan tsarin ya san é da ç na Faransanci, shi ya sa ba ka lura da wuri ba, amma babu haruffanmu masu lanƙwasa a ciki. A MySQL, manhajar rumbun bayanai, latin1 ne zaɓin asali kafin siga ta 8.0. Mayar da teburan rumbun bayananka zuwa utf8mb4, tsarin da ya san haruffanmu, sannan kada ka manta da mahaɗin da ke tsakanin manhajarka da rumbun: a PHP, kira set_charset("utf8mb4") da zarar ka haɗu da rumbun bayanan. Nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Shafin HTML ma sa masa tsarin haruffa na UTF-8.

Don Allah ka yi kwafin rumbun bayanan da umarnin mysqldump kafin ka taɓa komai, ka san halin wutarmu a lokacin zafi. Sunayen da suka riga suka adanu da alamar tambaya kuwa, sai an sake rubuta su da hannu.