Jitar bes na ja na a wurin biki, mai gyara ya ce in karya ƙafar fulogi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Daga yankin Ringim nake, ina kaɗa jitar bes amma ba ni da ƙungiya tawa. Duk ƙungiyar da mai bes ɗinta ya yi tafiya ko ba shi da lafiya sai su kira ni in riƙe masa, mu je biki a ƙauyuka mu kaɗa waƙoƙin da suke tashe. Abu biyu ke damuna. Sau da yawa ba ma gwaji, a cikin mota ake gaya mini waƙoƙin. Na biyun shi ya hana ni barci: in hannuna na kan tsirkiya na kai baki ga makirufo zan yi amshi, sai in ji wani abu ya tsunkule ni a leɓe. Wani mai gyaran rediyo ya ce ba komai, batirin cikin jitar ne, wai in karya doguwar ƙafar fulogin amfilifaya, ƙugin da take yi ma zai daina. Ina da biki ƙarshen wata, ga damina ta kankama. In karya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka karya, kuma kada ka sake kai kayanka wurin mutumin nan. Bari in sallami damuwarka ta farko tukuna, don ita ba ta da wuya.

Ɗan riƙon ƙwarya aikinsa ɗaya ne, kada masu rawa su gane cewa mai bes na gida ba ya nan. Ranar da aka kira ka, nemi jerin waƙoƙin ta WhatsApp tare da sautin wani bikin da suka yi, domin yadda ƙungiya ke kaɗa waƙa a fili daban yake da na situdiyo: ana ja mata tsawo saboda liƙi, ana yanke baiti, ana ɗora wata a kanta ba tsayawa. Rubuta zagayen kowace waƙa da lambobi, 1, 4, 5, 6, yadda in mawaƙi ya sauya ki, wato matakin sautin da ake ɗora waƙa a kai, sai dai ka matsar da hannu. Kada ka dogara da yatsun mai fiyano. Da yawansu ki ɗaya suka iya, sai su danna madannin sauya ki, kana ganin hannunsa a kan C alhali E ke fita a lasifika. Ka roƙe shi ya sassauta hannun hagu, ya bar maka ƙasan. In waƙa ta ɓace maka, tsaya a kan tushen sautin ka bi ƙafar mai ganga. Kuɗinka da rabonka a liƙi kuwa, a yanke su kafin ka hau mota.

Yanzu ga maganar da ta fi tsaya mini a rai.

Batirin cikin jita bolt 9 ne, ba shi ya tsunkule ka ba. Abin da ka ji daga soket ya fito, wutar bolt 230, ta nepa ce ko ta inji. Ka san akwai 'yar siririyar waya da ta tashi daga gadar da tsirkiya ke zaune a kai, ta bi ta wayar jita ta haɗu da jikin ƙarfen amfilifaya. Shi ya sa ƙugi ke raguwa da zarar ka ɗora hannu a tsirkiya. To, ma'anar wannan ita ce duk tsawon wasa kana riƙe da jikin amfilifayar a hannunka. Makirufo shi ma ragar kansa a haɗe take da jikin miksa, na'urar da ke tattara sautin kowa ta aika wa lasifika. In ka kai baki gare shi hannunka na kan tsirkiya, kai ka zama wayar da ta haɗa na'urorin biyu, kuma hanyar daga hannu zuwa leɓe ta ƙirji take bi.

Doguwar ƙafar nan da aka ce ka karya ita ce atin. Aikinta, in wayar wuta ta kwance a ciki ta taɓa jikin amfilifaya, ta kwashe wutar zuwa ƙasa har fiyus ya ƙone. In ka karya ta, wutar za ta zauna a jikin ƙarfen, da tsirkiyar, ba ƙara ba hayaƙi, tana jiran wanda zai ba ta hanya. Gaskiya ne wani lokaci ƙugin na dainawa in an karya, kuma wannan ne ya sa ƙaryar ta ƙi mutuwa. Mutum ya gwada, ya ji sauti ya yi tas, ya shekara ba abin da ya same shi, sai ya zama malamin wasu. Kusan duk amfilifayar haya da aka kawo mini dubawa, fulogi nake fara juyawa, kuma ƙafa biyu nake yawan tararwa.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A 1972, a garin Swansea na ƙasar Birtaniya, makaɗin jita Les Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya taɓa makirufon da ba shi da atin a kan dandamali, ya mutu a gaban 'yan kallo yana da shekara 27. A 1976 Keith Relf, wanda ya yi waƙa da ƙungiyar Yardbirds, wuta ta kashe shi a gidansa yana kaɗa jita. Can kenan, inda ake da dokar haɗa waya. Kai kuwa zagaya bayan rumfa a bikin ƙauye ka gani da idonka: inji a bayan danga, doguwar waya da aka yi wa haɗi uku an naɗe da baƙar leda tana kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa, bakin waya biyu tsirara an cusa a soket an tokare da tsinken ashana, fiyus kuma an daɗe da nannaɗe shi da zaren waya. Wani lokaci ma miksa na kan inji, amfilifayarka kuma an jawo mata wuta daga gidan maƙwabci. Wannan haɗin shi ya fi ba ni tsoro.

Na gaji da jin maganganun da ake kare kai da su. Wai sa silifas ɗin roba. Silifas zai rage hanyar ƙafa zuwa ƙasa, amma ina ruwansa da hanyar hannu zuwa baki? Wai sa soso a kan makirufo. Soson da yawu da gumi za su jiƙa kafin waƙa ta uku. Wai akwai fiyus. Fiyus ɗin fulogi mai amfiya 13 waya yake karewa kada ta kama da wuta, alhali abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba ya isa ya rikita bugun zuciya. Wani ya ce jikinsa ya saba, wani ya nuna maka laya a damtse. Ba jikin da ke sabawa da bolt 230. Tsunkulin da ka ji yana iya zama 'yar wutar da ke yoyo saboda babu atin, yana kuma iya zama farkon babbar matsala, kuma da leɓe ba za ka bambance su ba.

Ƙugin yana da magani na gaskiya. Yawanci yana zuwa ne in amfilifaya da miksa suna shan wuta daga wurare biyu alhali waya ta haɗa su. A mayar da duk kayan sauti kan layi ɗaya, a raba su da layin firij da fitilu. In bai daina ba, akwai ƙaramin akwatin DI da ake sa wa tsakanin bes da miksa, yana da madannin da ke yanke atin na wayar sauti kaɗai, bai taɓa na wuta ba. Masu sayar da kayan kiɗa a Sabon Gari sun san shi. Sauran kuma tsohuwar wayar jita ce da ta gaji, a sauya ta.

Ga abin da nake so ya shiga jakarka kafin ƙarshen watan nan: mitar gwajin wuta, wayar jona mai ƙafa uku da kai ka haɗa ka kuma san cikinta, da abin yanke wuta na RCD mai miliamfiya 30, wanda ke yanke ta da kansa in ta fara yoyo. Ka sani cewa RCD ba ya aiki yadda ya kamata a kan ƙaramin inji sai an haɗa atin ɗin injin daidai, don haka mai aikin wuta da ya koyi sana'ar ya duba injin, ya kafa masa sandar ƙarfe a ƙasa. Da kun gama jona kaya, sa mitar a ma'aunin wutar soket, baki ɗaya a tsirkiya, ɗaya a ragar makirufo. Sifili ya kamata ka gani, ko kusa da shi. In ka ga gommai, a kashe inji a nemo dalili. Duk abin da ke ɗauke da wuta a ɗaga shi daga ƙasa, in hadari ya taso a kashe tun ruwa bai sauko ba.

In kuma Allah ya kiyaye wuta ta kama wani, kada kowa ya cafke shi da hannu. A kashe inji, ko a ture wayar da busasshiyar sanda. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a dinga danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, har a kai ga ma'aikacin lafiya. Ɗura masa madara da binne shi a yashi ɓata lokaci ne, ɗurar ma tana iya shaƙe shi. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyi, ku ji tsoron Allah. Kuna da kuɗin anko, kuna da kuɗin ƙarin lasifika, amma abin yanke wuta ya gagare ku. Yaron da kuka kira na dare ɗaya bai san tarihin kayanku ba, bai san wace amfilifaya ce ke ja ba, ku kun sani, mai bes ɗinku na gida ma ya sani yana kauce mata. Uwarsa ta bar shi ya fito ne don ta yarda amana ce a hannunku. Ƙanena, in ka gwada ka ga wuta a tsirkiya, shugaba ya ce a yi haƙuri a fara don amarya ta iso, naɗe wayarka ka mayar da jitar cikin jaka har sai an gyara.