Hukuncin Macen da Jinin Al'adarta Ya Yi Yawa Kuma Take Fama da Ciwon Mara

Tambaya: Malam, al'adata kwana 6 ce, amma yanzu jinin yakan kai kwana 12, da gudaji da ciwon mara mai hana ni miƙewa. Yaushe zan koma sallah? Kuma ya halatta in sha maganin rage shi? Wasu na cewa haƙuri kawai zan yi.

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya ba ki lafiya, 'yar'uwa.

A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a littafin Ahlari, mai al'ada idan jini ya zarce mata, za ta ƙara kwana 3 a kan mafi tsawon al'adarta, matuƙar jimillar ba ta wuce kwana 15 ba. Ke kenan a karon farko da ya zarce miki za ki zauna kwana 9, ki yi wanka, ki ci gaba da sallah da azumi ko da jinin bai ɗauke ba, domin ya zama istihala, wato jinin ciwo. Mijinki ma ya halatta gare ki. An so ki sabunta alwala ga kowace sallah. Lokacin da Fatima bint Abi Hubaish ta kai wa Annabi (SAW) irin wannan kuka, ya ce mata jinin jijiya ne, ba haila ba, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Azumin kwanakin haila za ki rama, sallah kuwa babu ramuwa.

Maganar haƙuri kawai ita ce ta fi damuna. Haƙuri ibada ne, amma bai hana neman magani ba, Annabi (SAW) da kansa ya ce bayin Allah su nemi magani. Hamna bint Jahsh ta gaya masa jininta kwarara yake yi, bai ce ta yi shiru ba, sai ya nuna mata ta yi ƙunzugu da auduga.

Jinin da ke wuce mako guda, ko yake jiƙe ƙunzugu cikin awa ɗaya ko biyu, yakan samo asali daga ƙari a mahaifa, wanda likitoci ke kira fibroid, ko tsiron naman da ya yi kama da shimfiɗar cikin mahaifa a wajenta, ko ciwon sanyi da ya hau mara, ko rikicewar sinadaran jiki. In aka bar shi yana jawo ƙarancin jini: jiri, haki, tafin hannu ya yi fari. Ki je asibiti a yi miki hoton mara da gwajin jini. Ki nemi likita mace, in babu, namiji ya halatta gwargwadon larura.

Maganin rage ciwo, da na tsayar da zubar jini, har da ƙwayoyin daidaita al'ada, duk halal ne idan likita ya rubuta su. Ƙwayoyin nan da yawansu suna hana ɗaukar ciki, don haka ki yi shawara da mijinki tukuna. Ranar da ciwon ya galabaitar da ke kina azumi a kwanakin istihala, ki sha ruwa ki rama daga baya, hukuncin mara lafiya ne a kanki.

Wallahu a'alam.