Me Ya Haɗa Raunin Ƙafa da Hoton Huhu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina mai shekara 62 ya yi wata huɗu ba ya iya tashi daga kujera sai ya dafa, kuma kullum bakinsa a bushe. Ya daɗe yana shan taba. Likitan jijiya ya ce a yi masa hoton ƙirji, alhali ko tari ba ya yi. Wannan ba ɓarnar kuɗi ba ce? — Wata mai karatu

Amsa: Wa'alaikumus salam. A yi hoton, 'yar'uwa, kar a ja lokaci. Da alama likitan na zargin cutar Lambert-Eaton ne, wadda aka fara bayaninta a Amurka a 1956, kuma wajen rabin masu ita suna da wata irin kansar huhu mai saurin yaɗuwa, wadda kusan a mashaya taba kaɗai ake ganinta.

Ga yadda abin yake. Ƙwayoyin wannan kansa suna ɗauke da wasu ƙofofin kalsiyam irin waɗanda ke bakin jijiya, daidai inda take miƙa saƙo ga tsoka. Garkuwar jiki ta ƙera makamanta don yaƙar kansar, sai ta kasa rarrabewa, ta far wa jijiyar ma. Saƙo ya ragu, cinya da ƙugu su yi rauni, yawu ya ƙafe, wani lokaci har bayan gida ya taurare. Ba kansar ce ta kai ƙafa ba, ɓarin wuta ne na garkuwa. Shi ya sa raunin kan riga tari da rama da watanni.

Akwai alamar da likita ke kama ta da ita: idan mara lafiya ya matse tsoka da ƙarfi na daƙiƙa 10, sai ƙarfinta ya ɗan dawo. A gwajin lantarki na jijiya, amsar tsokar kan ninka bayan wannan motsi. Sai gwajin jini, sai hoton CT na ƙirji, don hoton ƙirji na gama-gari yakan tsallake ƙaramin ƙari. Inda ake yin kuskure shi ne a ga hoton farko ba komai a ce shi ke nan. Ana maimaitawa duk wata 3 zuwa 6 har shekara 2.

Maganin amifampridine yana ƙara ƙarfi, amma ba a bai wa mai farfaɗiya. Kuma duk asibitin da aka kai Baba a ambaci cutar, domin allurar gentamicin, da magniziyam da ake sawa ta jijiyar jini, da magungunan saki tsoka na tiyata suna iya tsananta raunin har ya taɓa numfashi.

Tambaya: Ƙanwata 'yar shekara 23 ta fara surutai da rashin barci, bayan mako biyu farfaɗiya ta biyo, yanzu bakinta na ta motsi kamar mai tauna. An ga ƙari a ma'ajiyar ƙwanta. Za ta warke? — Wani mai karatu

Amsa: Allah ya ba ta lafiya, Malam. Wannan ya yi kama da kumburin ƙwaƙwalwa na NMDA (sunan wasu ƙofofin karɓar saƙo ne a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda garkuwar jiki ke far wa), wanda Josep Dalmau da abokan aikinsa suka bayyana a 2007. Da farko ana yawan ɗauka taɓin hankali ne. Ƙarin, mai suna teratoma, galibi ba mugu ba ne, sai dai a cikinsa akwai nama irin na ƙwaƙwalwa, shi ke tunzura garkuwar. Ruwan laka da ake ɗebowa ta gadon baya ne ke tabbatar da cutar, ya fi jini inganci.

A cire ƙarin ko da ba ta cikin hayyacinta, jira sai ta farfaɗo kuskure ne. Tare da haka ana ba da methylprednisolone, maganin kwantar da garkuwa da kumburi, giram 1 kullum na kwana 3 zuwa 5, da IVIG, wato sinadaran garkuwa da ake sawa ta jijiyar jini, giram 2 ga kowane kilo na nauyin jiki a rarrabe cikin kwanaki, ko a tace jini. Idan ba a ga sauyi ba, sai a koma rituximab, wani maganin rage ƙarfin garkuwa. Wajen mutum 8 cikin 10 suna samun sauƙi sosai, domin garkuwar toshe ƙofofin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa take yi, ba kashe su ba. Sai dai murmurewar na iya cin shekara ko fiye, kuma mantuwa da saurin fushi kan daɗe kafin su tafi.