Fam 2,100 a Birmingham ko naira 800,000 a Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Shekarata uku da rabi ina aikin kula da tsofaffi a Birmingham. Bayan an cire haraji, fam 2,100 ke shigo mini a wata. Matata da yara uku suna Kano. Yanzu wani kamfani a gida ya neme ni, zai riƙa biyana naira 800,000. Yayyena sun ce kar in kuskura, wai albashina na nan ya haura naira miliyan huɗu. Ni kuwa wallahi ban taɓa jin ina da miliyan huɗu ba. Lissafin wa ke daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka jagora.

Yayyenka ba ƙarya suka yi ba. Sun ɗauki fam sun buga shi da farashin 'yan canji na Wapa, wajen naira 2,000 kowane ɗaya, sai ya ba su miliyan huɗu da ɗoriya. Abin da suka manta shi ne ba a Kano kake kashe kuɗin nan ba. Mai gidan da kake haya fam yake karɓa. Haka kuɗin wuta da na ɗumama ɗaki, haka bas ɗin da ke kai ka aiki da asuba cikin sanyi.

Ka tuna askinka na baya-bayan nan. A can ba ka tashi daga kujera sai ka ajiye fam 12 ko 15, wato naira 24,000 zuwa 30,000 in an canza. A unguwarku kuwa, yaron nan mai shago kusa da masallaci zai yi maka askin, ya gyara maka gemu, ya goge maka ƙeya da sifirit, ka miƙa masa naira 1,000 ya yi maka godiya. Kan ɗaya ne, injin ma iri ɗaya ne, amma kuɗin ya ninka fiye da sau ashirin.

Masana tattalin arziki suna kiran wannan awo daidaiton ƙarfin saye. Ba sa tsayawa kan nawa ake canza kuɗi, sai su tambayi me kuɗin ke saya a inda ake kashe shi. Tun 1968 aka kafa wani shiri na ƙasa da ƙasa, wanda Bankin Duniya ke jagoranta yanzu, inda ake bin kasuwanni ana rubuta farashin abinci da sutura da haya da ganin likita, sannan a gwada ƙasa da ƙasa. Zagayen 2021 ya haɗa ƙasashe 176, kuma ya nuna cewa a jimlace tsadar kaya a Najeriya ba ta kai rabin ta Amurka ba.

Amma ba komai ke da araha a gida ba, kuma a nan 'yan ci-rani suka fi ruɗuwa. Duk abin da za a iya lodawa a jirgin ruwa, farashinsa dala yake bi: wayar hannu, batirin sola, kayan gyaran mota, maganin hawan jinin da ake shigo da shi. Wayar da ka gani a shagon Birmingham ba za ka same ta a bagas a kasuwar Farm Centre ba. Abin da ke da sauƙi a gida shi ne aikin hannun mutum, irin su aski da ɗinki da wanki da ladan birkila, domin ba a fitar da su ƙasar waje, kuɗinsu na bin aljihun mutanen gari ne. Ina so ka riƙe wannan a zuciyarka in kana ciniki da leburan gininka: arahar da muke murna da ita gumin talaka ce.

To kai wace irin rayuwa za ka yi a Kano? Awon Bankin Duniya na ɗaukacin ƙasa ne, ba na gidanka ba. Mutumin da ya dawo daga Ingila da yara uku zai so makarantar kuɗi, zai so sola ko janareto, ruwan burtsatse, mota da man da za ta sha, asibitin kuɗi in dare ya yi wa yaro tsanani. Rabin waɗannan dala suke bi. Wasunsu kuma a can haraji ya riga ya biya maka su, shi ya sa ba ka jin nauyinsu.

Sai kuma saurin da naira ke narkewa. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dala da ke wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Watannin farko duk mai aiko da kuɗi daga waje ya ji kamar an ninka masa albashi. Daga baya kasuwa ta cim masa: a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Naira 800,000 kuɗi ne masu auki, sun ninka mafi ƙarancin albashi na 70,000 fiye da sau goma sha ɗaya. Sai dai in ba a ƙara su ba, bayan shekara biyu ba za su sayi abin da suke saya yau ba. Ka tambayi kamfanin ko suna duba albashi duk shekara, kuma ka ce a sa maka a rubuce.

Ga yadda za ka yi lissafin gaskiya. Ka cire haya da abinci da wuta da sufuri daga fam 2,100, ka ga abin da ya rage. Ragowar nan ita kaɗai ce ya halatta a buga da farashin canji, domin ita ce ke isa Kano. In fam 500 ke rage maka, naira miliyan ɗaya ke nan, kuma sun fi albashin kamfanin gaba ɗaya. In kuwa 200 ne, to tazarar ta tsuke ƙwarai, musamman da yake tukunya biyu kake ɗorawa yanzu, in ka koma ta zama ɗaya. Ka sa maiɗakinka ta sayi littafi ta riƙa rubuta duk abin da ya fita daga hannunta na wata uku, tun daga cefane har gudummawar biki da ta 'yan uwa. Littafin nan zai fi kowane jadawali gaya maka tsadar Kano.

Maganar takardu ce ta sa nake cewa ka dakata. A ƙa'idar da ka shigo da ita, shekara biyar ake yi kafin a nemi izinin zama na dindindin, saura maka shekara ɗaya da rabi. Gwamnatin Ingila ta bayyana a 2025 cewa tana son mayar da wa'adin zuwa shekara goma, don haka ka je wurin mai ba da shawarar shige da fice mai rajista ya duba maka matsayinka, kar ka dogara da labarin WhatsApp. Kuma tun Yulin 2025 aka daina ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje. In ka ajiye bizar nan ka tafi, ƙofar da ka shigo ta nan a rufe take. Mai izinin dindindin kuwa yana iya yin har shekara biyu a waje kafin izinin ya faɗi, ka ga ya ishe ka ka gwada Kano ka gani da idonka.

Na san akwai abin da littafin cefane ba zai nuna ba. Autanka da ka bari a goye yanzu yana gudu a tsakar gida, ta fuskar waya ya san ka. Ka zauna da maiɗakinka ku yi maganar nan tsakaninku kafin ka sake buɗe ta da yayyenka, ka ji ko za ta iya ƙara jure wata goma sha takwas. In ta ce za ta iya, ku sa rana, ka gaya wa kamfanin gaskiya, ka roƙe su su tuna da kai in lokacin ya yi.