Fulogin Ɗaya Ya Kashe Mana Shafi, Yaya Aka Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye kusa da Gumel nake, ni ke kula da shafin ƙungiyarmu ta manoman riɗi, wanda muka gina da manhajar WordPress. Jiya na saka fulogin (ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi) na karɓar kuɗi, sai shafin ya koma fari fat. Ta yaya ɗan ƙaramin abu zai kayar da shafi gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, galibi irin wannan matsalar ba ta taɓa rumbun bayanai, sunayen manomanku na nan.

Ka tuna injin niƙan garinku. Inji ɗaya ne, amma da bel ake haɗa shi da na niƙa, a haɗa da na casa. Haka aka gina irin waɗannan manhajoji da ke zaune a kan saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin. Akwai uwar manhaja, aikinta kaɗan ne: ta karɓi buƙatar mai ziyara, ta tantance wane ne, ta ɗauko bayani, ta mayar masa da shafi. Sauran ayyuka, kamar karɓar kuɗi, fulogin ke yi. Wannan tsari ya daɗe, sabar Apache da ta fito a 1995 ta shahara da shi, WordPress kuma ta fito a 2003, ta buɗe ƙofar fulogin a 2004.

Inda bel yake kamawa su ake kira ƙugiyoyi. Uwar tana cikin aiki sai ta tsaya a wasu gurare ta ce, akwai mai abin yi a nan? Duk fulogin da ya rataya kansa a wurin sai a kira shi bi da bi. Wani aiki zai yi, wani kuwa rubutun zai karɓa ya gyara ya miƙa gaba.

To ga inda gizo ke saƙar. Fulogin ba a waje yake gudu ba, a cikin uwar yake, da ikon da take da shi. In na casa ya cije, injin duka ke tsayawa. Shi ya sa nake jin takaici in na ga ana sauke fulogin na sayarwa da aka fasa makullinsa ana rabawa kyauta a WhatsApp, domin makullin rumbunka ka miƙa wa baƙo.

Yanzu duba imel ɗin mai kula da shafin. Tun sigar 5.2 ta 2019, WordPress kan aiko da mahaɗin shiga don gyara. In babu, shiga ma'ajiyar fayilolinka wajen kamfanin da ke riƙe muku shafin, buɗe wp-content, sannan plugins, ka canza sunan foldar sabon fulogin. Shafin zai tashi. Kafin ka sake gwada shi, ka adana kwafin shafin, ka kuma duba ko ya dace da sigar PHP (harshen da aka rubuta WordPress da shi) da sabarku ke amfani da ita.