Talo-talon takarda da malamar maigidana ta ce a yi

Assalamu alaikum, 'yata.

Saƙonki ya iso ni tun shekaranjiya. Ban amsa ba ne don na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya na minti biyu. Kin ce maigidana, wato ɗan naki, ya dawo daga makaranta da takarda, wai malamarsu ta ce kowane yaro ya haɗo talo-talo a gida ya kai kafin hutun ƙarshen Nuwamba. Kina tambaya me ya haɗa yara da wannan tsuntsu, ko wani abin addininsu ne ake so a cusa musu ta bayan gida, in kuma babu laifi yaya ake yin sa, tunda ke ko a mafarki ba ki taɓa gani ba. Na yi dariya har kawunki ya leƙo yana tambayar lafiya. Irin wannan takarda ce ta hana ni barci a shekarata ta farko a Amurka, lokacin yayanki yana ajin ƙananan yara, kuma ni a lokacin ba ni da gwaggon da zan tambaya.

Bikin da ake shirye-shiryensa shi ne wanda suke kira Thanksgiving, wato ranar godiya. Yana faɗowa ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba kowace shekara. In kina so ki gane shi da sauri, tuna kalankuwar ƙauye: damina ta wuce, an yi girbi, rumbu ya cika, sai a taru a ci a sha. Nasu ma bikin kaka ne. Labarin da za a faɗa wa maigidana a aji shi ne na wasu Turawan Ingila su 102 da suka tsallako teku a jirgin Mayflower a 1620, suka sauka a wurin da ake kira Plymouth, a jihar Massachusetts ta yanzu. Sanyin shekarar farko da cuta suka kashe kusan rabinsu. Mutanen da suka tarar a ƙasar, ƙabilar Wampanoag, su suka koya musu noman masara, musamman wani mutum mai suna Tisquantum da ya iya Turanci. Da amfanin gona ya yi kyau a kakar 1621 sai aka yi kwana uku ana shagali, sarkin Wampanoag, Massasoit, ya zo da mutanensa wajen 90, suka harbo barewa biyar suka kawo.

Kin ji na ce barewa. Wasiƙar da ta ba da labarin wannan walima tsuntsaye kawai ta ce an harbo, ba ta ce talo-talo ba, ko da yake gwamnansu William Bradford ya rubuta cewa dajin wurin cike yake da talo-talon jeji a wannan kakar. Daga baya ne tsuntsun ya zama sarkin teburi. Dalilin kuwa ba boyayye ba ne: ɗan ƙasa ne, asalinsa nahiyar Amurka, mutanen Meziko ne suka fara kiwonsa, kuma guda ɗaya yana ƙosar da gida guda har da baƙi. Ita ranar ma ba ta zama ta ƙasa baki ɗaya a kowace shekara ba sai 1863, ana tsakiyar yaƙin basasarsu, da shugaba Abraham Lincoln ya ayyana ta, bayan wata editar mujallar mata, Sarah Josepha Hale, ta shafe shekaru tana rubuta wa shugabanni wasiƙu a kan haka. A 1941 majalisarsu ta tsayar da ita a Alhamis ta huɗu. Makwabtansu na Kanada suna yin nasu tun Litinin ta biyu a Oktoba, don sanyi yana riga zuwa musu.

Wani abin da zai ba ki dariya: masu bin asalin kalmomi suna cewa sunan da Bature ya ba talo-talo, wanda ya yi daidai da sunan ƙasar Turkiyya, tun farko zabonmu ake kira da shi, saboda ta hannun fataken ƙasashen Turkawa zabi ke isa Ingila. Da suka ga tsuntsun Amurka sai suka ɗauka ɗan'uwan zabo ne, suka liƙa masa sunan. Ki faɗa wa maigidana wannan, ya je ya burge malamarsa.

To, batun addini, wanda na san shi ne ainihin abin da ke cin ki. Ba zan ɓoye miki ba, waɗanda suka fara abin Kiristoci ne masu tsananin riƙo, kuma Lincoln da bakinsa godiya ga Ubangiji ya kira mutane su yi. Amma yau ranar ta zama hutun ƙasa. Bayahude yana yi, wanda ba ya bin kowane addini yana yi, Musulmi da yawa suna sayo talo-talon halal su tara iyali don rana ce da yawancin mutane ba sa zuwa aiki. Malamanmu sun saɓa a kan yin bikin kansa, wasu sun ce al'ada ce babu komai, wasu sun ce a bar shi, kuma wannan ke da maigidanki za ku zauna ku yanke, ku tambayi limamin masallacinku. Abin da malama ta nema dai ba ibada ba ne. Makarantun gwamnati a nan ba su da ikon sa yara addu'a, kotun ƙolinsu ta hana tun 1962. Yanke-yanken takarda ne, don yatsun yaro su saba da almakashi da fensir, ya koyi launuka da ƙirga.

In kuma siffar mai rai ce ke damun ki, tuna Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a ɗakin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. A ruwayar Abu Dawuda har doki mai fukafukai na tsumma ya gani a cikin kayan wasanta, ya tambaya, ta ce ai Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai, ya yi dariya. Babanki kuwa, da shi da sa'o'insa, shanun laka nawa suka gina a bakin kududdufi, har da tozo da ƙaho? Ni da ƙawayena 'yar tsanar kara muke yi, mu yi mata kitso da zare mu goya. Ba wanda ya ce mun bar hanya. A ganina ki bar yaro ya yi abinsa. In kin hana shi, shi kaɗai zai zauna hannu rabbana ranar da ake liƙa na kowa a bangon aji, kuma ɗan shekara biyar ba zai gane dalili ba, zai dai gane an ware shi.

Wanda kowa ya sani, kuma wanda na fi so, shi ne na tafin hannu. Ki samo farar takarda mai ɗan kauri, ya kifa hannunsa a kai, ya ware yatsu sosai, babban yatsa ya yi nesa da sauran. Ki bi gefen hannun da fensir kina zagayawa, ki shiga tsakanin yatsu ki fito. Zai yi ta motsi yana cewa cakulkuli, ki yi haƙuri ki sake, takarda ba tsada. Idan ya ɗaga hannu, ki haɗe layin wuyan hannun, sai ki ga tsuntsu ya fito da kansa: babban yatsa shi ne wuya da kai, tafin shi ne jiki, yatsu huɗun nan su ne gashin wutsiya da namijin talo-talo ke bazawa in yana yanga. A kan babban yatsan a ɗiga ido, a yi ɗan baki mai tsini ruwan ɗorawa, a sa jan naman nan da ke reto masa a wuya. Ƙafafu biyu a ƙasa, kowace da yatsu uku, kamar sawun kaza a rairayi. Jikin ruwan ƙasa, gashin kuwa launukan kaka suke sa wa, ja da ruwan goro da rawaya, irin yadda kika ga ganyen bishiyoyin unguwarku ya koma tun Oktoba.

Ga gargaɗina, kuma na san halinki tun kina ƙarama ba kya son abu a karkace: kada ki karɓe fensirin. In ya ce gashin talo-talonsa shuɗi ne, shuɗi ne. In ido ya sauka a wuya, a bar shi a wuya. Ni na yi wannan kuskuren. Na zauna da daddare na gyara na yayanki tsaf, har da inuwa a fukafuki, da safe ya dube shi ya ce wannan ba nasa ba ne, ya fashe da kuka, sai da muka sake wani a tsaye motar makaranta tana jira. Malaman nan kuma da kallo ɗaya suke gane aikin uwa.

Kishiyata, tunda shekararta biyu, ba za ta tsaya a zagaya mata hannu ba. Ita fenti za ki shafa mata a tafi, irin na yara mai fita da ruwa, ruwan ƙasa a tafin da babban yatsa, kowane yatsa kuma da launinsa, ki danna hannun a takarda sau ɗaya ki ɗaga. Kamar ƙunshi ne, sai dai wannan ba ya kama fata. Ki tuɓe mata rigar kirki tukuna, ki shimfiɗa leda a ƙasa, ki ajiye tsumma mai ruwa kusa, don daga takarda bango za ta nufa, kuma gidan haya kuke. A bayan kowace takarda ki rubuta suna da shekara. Ina da na yayanki guda shida a cikin akwatina, in na jera su sai in ga yadda hannun yake girma, ga shi yau hannun ya fi nawa.

In malama tana son wanda ya fi wannan girma, ki yi na farantin takarda, irin wanda ake zuba abinci a taron suna. A raba farantin biyu, rabin shi ne bazazzen wutsiya. Ku fita da yaran da rana ku tsinto ganyen da ya zubo, masu ja da masu rawaya, musamman na bishiyar nan mai ganye kamar tafin hannu da ke jikin tutar Kanada. Ku fita da wuri, kin ga tunda aka mai da agogo baya a farkon watan nan ƙarfe biyar duhu ya yi. Ganyen da ya bushe ƙarau ba ya liƙuwa, marmashewa yake. Ki zaɓi mai sauran laushi, ki sa shi a tsakiyar littafi mai nauyi kwana biyu ko uku ya miƙe. Sai a shafa gam a bakin farantin, a jera ganyen suna hawa kan juna, a yanko kwali ruwan ƙasa mai siffar kwalbar fura, ƙasa faɗi sama siriri, a manna a tsakiya ya zama jiki da kai. Kwalin hatsin karin kumallonsu ya isa, ba sai kin je kanti ba. In gam ya ƙare, ki dama fulawa da ruwa ki ɗora a wuta ta yi kauri kamar koko, ta huce, tana kama takarda sarai.

Ana kuma yi da kwalin tsakiyar takardar bayan gida, a tsayar da shi a manna masa gashin takarda a baya, ko da busassun 'ya'yan bishiyar nan mai ganye kamar allura, a soka gashi a tsakanin ɓawonsu. In kin tsinto waɗannan a waje, ki gasa su a obin da wuta kaɗan kamar rabin awa, don ƙwari na ɓuya a ciki. Idanun roba masu motsi da ake sayarwa kuwa, kada su shigo gidanki muddin kishiyata tana kai komai baki. A zana ido da biro. Almakashi a ba maigidana mai dunƙulallen baki, gam mai zafi na bindiga kuma ba na yara ba ne ko kaɗan.

Ki sake duba takardar malamar da kyau, don wasu makarantun abin da suke nema shi ne a ɓad da kamar talo-talon, a yi masa shiga don kada a gane shi a yanka. In shi ne, to kin samu. Ki yanko ƙyallen shadda ki yi masa babbar riga, ki ɗora masa hula zanna, ko ki naɗa masa rawani. Da autata ta kai nata da atamfa da ɗaurin ɗankwali, sai da malamar ta kira ta gaban aji ta yi bayanin kayan garinsu.

Sau da yawa kuma za a ce a rubuta a kan kowane gashi abu ɗaya da yaro yake godiya a kansa. Nan ne nake so ki zauna, ki ajiye waya. Ki tambaye shi, ki rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗa, ko da cewa ya yi taliya ko takalminsa mai wuta. In ya gama ki ce, to wa ya ba mu duk wannan? Ya ce Allah, ku ce alhamdu lillahi tare. Ni a kan gashi ɗaya nakan sa su rubuta da Hausa, ko Inna, ko Baba, ko tuwo, har in malama ta tambaya su fassara mata.

Abu ɗaya ne ban yarda da shi ba, kuma makarantu da yawa sun daina: hular gashin tsuntsu ta takarda da ake sa wa yara wai sun zama 'yan asalin ƙasar. Wannan gashi a wurinsu abin girma ne da ake ba wanda ya cancanta, kamar a ce yaro ya naɗa rawani mai kunne biyu yana tsalle a aji. Kuma zumuncin 1621 bai daɗe ba. A 1675 yaƙi ya ɓarke tsakanin Turawan da ɗan Massasoit ɗin nan, Metacom, aka kashe shi a shekarar da ta biyo, aka sayar da mutanensa da yawa bayi. Tun 1970 wasu daga cikin 'yan asalin ƙasar suke taruwa a Plymouth a wannan Alhamis ɗin, suna kiran ta ranar makoki. Maigidana ya yi ƙanƙanta da jin duk wannan. Yanzu ya ishe shi ya san akwai masu ƙasa kafin jirgin ya zo, kuma jikokinsu suna nan da ransu. Sauran ki ajiye masa sai ya kai shekara tara ko goma.

Ku yi aikin ranar Asabar da hantsi, bayan sun karya, kada ki bari sai daren da za a kai. In kun gama ki ɗauko min hoto, nasa da na kishiyata, kar ki gyara komai. Ki ce wa maigidana in talo-talonsa ya fi na bara da jikata ta yi kyau, akwai tukuici. In kun yanke shawarar zuwa mana hutun, ki sanar da ni kafin mako mai zuwa don in sa a ajiye mana tsuntsu a shagon halal, suna ƙarewa da wuri. Ni dai yaji da citta da tafarnuwa nake cusa masa ya kwana, yadda suke gasa shi salam ba ya shiga bakin kawunki.

Ki gaida maigidanki da kyau. Kawunki yana gaishe ku.

Gwaggonki